Amaryar Sukari a Motar Kawu Abdussabur

Tun da nake da Kawu Abdussabur ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ya yi 'yan shekaru a Kuwaiti yana gadin ƙofar wani kamfanin ƙanƙara, ya dawo garinmu Esna da tumbi da agogo mai ruwan zinariya da wata tsohuwar mota da ya raɗa wa suna Aziza, ya ce daga ranar a riƙa kiransa Injiniya. In ka tambaye shi injiniyan me, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Na sanyi."

Yayana Hamdi kuwa tela ne, mutum mai kunyar da in mace ta zo awon riga shi ne yake sunkuyar da kai. An yi masa baiko da Najat, 'yar wani ƙauye kusa da Edfu, amma kakarta Hajiya Wahiba, wadda ta rene ta, ta ƙi sa ranar biki. Yau ta ce a bari a sare rake, gobe ta ce a bari ƙafarta ta daina ciwo. Da Maulidi ya matso, lokacin da kowane saurayi yake kai wa budurwarsa 'yar tsanar amarya, sai ta aiko da saƙo. Ta ce ita ba ta son ta robar nan da yaran yanzu suke saye. Ita ta sukari aka kawo mata a zamaninta, a kan jaki, ko hancinta bai ɓantare ba. In Hamdi ya kawo wa jikarta amaryar sukari lafiya lau, a ranar za ta sa rana. In ya kawo gutsattsari, ya jira wani Maulidin, ya ƙara koyon riƙon abu.

Hamdi ya karaɗe kasuwa har ya samu wani tsoho da har yanzu yake zuba sukari a mazubin katako. Amaryar ta kai tsawon kamu ɗaya, fara sol, kumatu ja, ta riƙe ƙugu, da maficin takarda kala-kala a bayanta. Shi da kansa ya ɗinka mata 'yar riga shuɗiya da ragowar yadin da Najat ta taɓa yabawa a shagonsa. Bai gaya wa kowa dalilin zaɓen yadin ba. Ni dai na gane.

Niyyarsa ya hau jirgin ƙasa ya ɗora ta a cinya. Amma tun da mahaifinmu ya rasu Kawu ne babbanmu, ba a zuwa gidan surukai ba tare da shi ba.

"Jirgin ƙasa?" in ji Kawu. "Ina raye, Aziza na raye? A cikin kaji da kwandunan tumatir? Yaro, sukari sanyi yake so. Zan kunna mata esi, ta isa Edfu tana neman bargo."

Ranar tafiya tun da hantsi rana ta buɗe. Inna Atiyat, matar Kawu, ta kwashe curin burodinta daga kan bonet ɗin Aziza, inda take jera shi kowace safiya ya kumbura, don ta ce duk unguwar babu abin da ya kai ƙarfen nan ɗaukar zafi. Kawu ya fito cikin sabuwar jallabiya, ya yi abin da yake yi kullum: ya sa gefen hannu ya share dusar da ta zube daga faifan burodin, ya tura ta cikin 'yan ramukan da ke gindin gilashin gaba.

"Mota sai da tsabta," ya ce.

Ya shiga, ya tayar, ya murɗa na'urar sanyi. Aziza ta yi wani gurnani, ta huro 'yar iska mai ɗumi kamar numfashin akuya.

Ya kashe, ya sake kunnawa. Akuyar ta sake numfashi.

Baba Jirjis, mai matsar ruwan rake a tsallaken layinmu, ya jawo kujerarsa bakin hanya. Tare suka tashi da Kawu, kuma tun suna yara ba shi da wasan da ya fi kallon Kawu yana aiki.

"Injiniya, sanyin nan ya iso har nan," ya ce. "Rage shi kada rakena ya daskare."

"Yi ta matsar rakenka, Jirjis. Wannan ilimi ne."

Hamdi ya ce a hankali, "Kawu, ko mu biya wurin bakanike? Ga shi can bayan masallaci."

Kawu ya juyo kamar an mare shi. "Bakanike? Mutumin da bai taɓa ganin teku ba? Ni da na kwana da injinan da suka fi gidan nan girma?" Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa wani ƙarfe da zobensa, ya kara kunne. "Gas ne. Gas ɗinta ya ƙare. Atiyat, kawo tukunyar gas."

"Wace tukunya?"

"Ta kicin mana."

"Ta girkin?"

"Gas ai gas ne, mace. A Kuwaiti da shi muke daskarar da kifi."

Baba Jirjis ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa ya nufi ƙarshen layi.

"Ina za ka?" in ji Kawu.

"Zan je in gaya wa limamin masallacinku da na cocinmu su shirya. Yau aiki zai haɗa su."

Kawu ya shiga gida ya gangaro da tukunyar da kansa, yana nishi. Kafin ya samo tiyo, Inna Atiyat ta tattare zaninta ta zauna daram a kai.

"Sai dai ka ɗura ni tare da ita," ta ce.

Mata sun fara leƙowa ta tagogi. Kawu ya dube su, ya gyara gashin baki. "Dama gwada ku nake, in ga ko akwai mai hankali a gidan. Ba gas ba ne. Waya ce."

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya fara jawo wayoyi kamar mai fitar da hanjin kaza. Ja, shuɗi, rawaya, duk ya tsinke su ya baje a ƙirjinsa. Muka ji tas! Wani hayaƙi ya tashi. Ya fito yana tari, ɓarin gashin bakinsa na hagu ya ƙone ƙurmus.

"Wuta ta gaishe ni," ya ce. "Alamar tana da rai ke nan."

"Ta hagu kawai ta gaisar," in ji Baba Jirjis, wanda ya dawo da kujerarsa. "Koma ta gaisa da ta dama, kada a ce ta yi son kai."

Kawu ya koma ya haɗa wayoyin, ja da ja, shuɗi da shuɗi, har ya rage wata ja guda da rawaya guda. Ya ƙulla su tare.

"Kawu, kalarsu ba ɗaya ba ce," na ce.

"Masu ƙera mota ne suke sa haka don su ruɗa jahilai."

Ya tayar. Masu share gilashi suka tashi da kansu, suka kama goge busasshen gilashi, ƙiii-ƙiii, babu abin da ya tsayar da su. Ya taka birki, hon ya ɗauka. Ya saki, ya yi shiru. Ya sake takawa, ya sake ɗauka. Iska kuwa tana nan yadda take, ɗumi-ɗumi.

Daga tsallaken kogi muka ji kukan jirgin ƙasa yana barin tasha. Hamdi ya rufe ido.

"Kawu," ya ce, "bari in nemi bas. Ko a tsaye ne zan tafi."

Nan Kawu ya hau. Ya buga ƙirji a gaban duk unguwa. "Na rantse da igiyar aurena, babu mai taka Edfu yau sai a cikin Aziza!"

Ko yaro ya san abin da wannan rantsuwa take nufi: in Hamdi ya hau bas, auren Kawu ya mutu.

Inna Atiyat ta tashi daga kan tukunyar gas ta dafa kafaɗar Hamdi. "Hau bas, ɗana. Don Allah hau bas, ka taimaki marainiya."

Aka fashe da dariya, har matar da ke shanya a bene ta saki zaninta ya faɗo. Hamdi dai bai yi dariya ba. Ba zai iya kashe auren kawunsa don ya gina nasa ba. Ya ce, "To, Kawu. Mu tafi a haka, mu sauke gilasai."

"A haka? Sai ka ce ba ni da wata dabara? Jirjis, sayar mini da ƙanƙara. Babbar."

"Ba na sayarwa," in ji Baba Jirjis. "Kyauta na ba ka. Amma zan rufe shago in biyo ku a babur. Abin da na fara gani da idona ba zan bari a ba ni labarin ƙarshensa ba."

Aka kawo ƙanƙara mai girman matashin kai, aka sa a daro a tsakiyar kujerar baya. Kawu ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe: dokin sukari da mahayinsa, riƙe da takobi, irin wanda ake saya wa yara maza.

"Wannan tawa gudummawar ce," ya ce. "Kada su ce kawun ango ya zo hannu sake." Ya buɗe kwalin amarya ya cusa dokin a gefenta, ya rufe, ya ɗora kwalin a kan jiƙaƙƙen buhun, ya kawo jiƙaƙƙen tawul ya yafa a sama.

"Kawu," na ce, "sukari ne fa. Da ruwa."

"Ke Tahani, littattafan soyayyar nan sun cinye miki kai. Daga ina sukari yake fitowa?"

"Daga rake."

"Rake da me yake girma?"

"Da ruwa."

"To! Kin taɓa ganin uwa ta cuci ɗanta?"

Muka shiga, ni da Inna a baya, daro a tsakaninmu, Hamdi a gaba. Kawu ya zagaya ya ɗage gilasai duka da mariƙin nan guda ɗaya da ya rage wa Aziza, wanda ake cirewa daga wannan ƙofa a sa a waccan. Da ya gama ya jefa shi aljihu.

"Kada sanyi ya gudu," ya ce.

Ba mu fita daga Esna ba jallabiyarsa ta manne a bayansa. Inna Atiyat ta cire mayafi tana fifita, tana karanto duk addu'ar da ta sani. Ƙanƙarar ta sanyaya mini gwiwar dama, sauran jikina kuwa yana dahuwa.

"Kuna ji ko?" in ji Kawu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ya fara sauka."

"Ina ji," in ji Inna. "Yana sauka ta bayana har cikin takalmi."

Duk wanda ya san hanyar Edfu ya san babu ƙauyen da bai gina wa kansa tudun rage gudu ba, wani ma a ƙofar kowane mai faɗa a ji. Birkin Aziza kuwa ba ya kamawa da taku ɗaya, sai an yi ta dannawa ana saki. Saboda haka a kowane tudu sai hon ya ɗauka: pam-pam, pam-pam-pam! Daidai irin bugun da motocin ɗaukar amarya suke yi. Ruwan daro kuma ya yi tsalle ya watsu a kan kwali.

A ƙauyen farko wata mata ta leƙo daga bene ta rangaɗa guɗa. A na biyu aka watso mana gishiri don maganin baki, masu share gilashi suka yi ta niƙa shi. Kawu ya ɗaga musu hannu.

"Kun gani? Sun san ni har nan."

Na waiwaya. Baba Jirjis yana biye da mu a babur, shi ma yana danna nasa hon ɗin da irin bugunmu, bakinsa har kunne. Wasu samari a babura suka jero da shi suna tambaya, ya nuna motarmu da haɓa, suka bi sahu. Kafin ƙauye na gaba mun tara 'yan keke mai ƙafa uku, da wata a-kori-kura cike da yara suna tafi, da wani mai algaita da ban san daga inda aka ɗauko shi ba, yana zaune a bayan babur yana busa, kumatu kamar za su fashe.

Hamdi bai ga ko ɗaya ba. Tun daga Esna ya juya ya durƙusa a kan kujerarsa yana tallafe da kwalin da hannu biyu. Da muka sake dukan wani tudu ruwa ya wanke masa hannu, sai ya yaye tawul ɗin ya ɗaga kwalin. Gindinsa ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi.

"Mayar!" in ji Kawu. "Zafin jikinka zai lalata mini aiki."

"A'a, Kawu."

Ni da Inna muka dubi juna. Tun da muke da Hamdi ba mu taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ni zan riƙe ta."

Ya gyara zama, ya rungume kwalin a ƙirjinsa da ƙarfi don kada gindin ya zube, ya sunkuya a kansa yana kare shi daga ranar da ke shigowa ta gilashi. Haka ya zauna har ƙarshen tafiyar. Wani ruwa ja-ja mai danƙo yana bin gwiwar hannunsa, na gani, shi ma ya gani.

Hajiya Wahiba tana zaune a dakalin ƙofar gidanta da sanda a hannu lokacin da muka karyo kwana. Ba mota ɗaya ta gani ba. Ayari ta gani, da algaita da tafi da hon, matan ƙauyen suna fitowa da gudu suna guɗa, yara suna ihun "Ga ango! Ga ango!" Ta miƙe tsaye, ciwon ƙafar ya tafi.

"Wane ne ya aurar da jikata ban sani ba?" ta daka tsawa.

Algaita ta mutu a tsakiyar busa.

Kawu ya so ya tsaya tsaf a gabanta kamar manyan direbobi. Bai lura da tudun ƙarshe ba, wanda Hajiyar da kanta ta sa aka gina, ya fi duk na hanyar tsayi. Aziza ta hau shi, ta yi sama, ta dawo ƙasa da wani irin rugugi. Cikin allon gaba wani abu ya ce ɓum, kamar an buɗe tulun da ya daɗe a toshe.

Sai iska ta ɓalle. Ta fito ta kowace kafa da ƙarfin gaske, ɗauke da dusa. Dusar shekara da shekaru, wadda Kawu yake turawa kowace safiya, ta turnuƙe motar har ba ma ganin juna. Mu kuwa a jiƙe muke sharkaf. Duk inda ta sauka ta zauna.

Kawu ya laluba ya buɗe ƙofa, ruwan daro ya riga shi fita. Muka firfito ɗaya bayan ɗaya kamar kifin da aka birkiɗa a gari za a jefa a mai. Ido kawai ake gani.

Inna Atiyat ta lakato daga goshinta, ta murza, ta shinshina.

"Dusata ce!" ta ce. "Wallahi dusata ce! Abdussabur, ashe nan kake kai ta? Kai ka toshe wa baiwar Allah hanci, ka zo kana neman ka tashe mu da tukunyar gas?"

"Injiniyan sanyi!" in ji Baba Jirjis daga kan babur, yana share hawaye. "Jama'a ku matso ku ga injiniya, saura mai da gishiri. Af, gishirin ma an sa!"

Ƙauyen ya ɗauka. Har mai algaita ya sauka ya riƙe ciki. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, dusa ta fito.

Hajiya Wahiba kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta buga sanda a ƙasa.

"Wanne ne telan a cikinku?"

Hamdi ya matso, kwalin a ƙirjinsa. A bayan Hajiya, ta tsakanin ƙyauren ƙofa, na hango idon Najat.

"Ka kawo?"

"Na kawo, Hajiya."

"Lafiya lau?"

Hamdi ya dubi kwalin. Ina jira ya ce laifin Kawu ne, don duk wanda ke wurin zai shaide shi. Bai ko dubi inda Kawu yake ba.

"Ban sani ba, Hajiya," ya ce. "Ban buɗe ba. Na dai riƙe ta iya ƙarfina. In ta lalace, a hannuna ta lalace."

"Ajiye."

Ya ajiye a dakali. Ba a ma buɗe kwalin ba, da kansa ya baje. Mutane suka yi dafifi.

Maficin takarda ya zama tsumma, kalolinsa sun zuba. Jan kumatun amarya ya gangaro har wuya. Doki kuwa babu labarinsa, ƙafafunsa sun narke ya durƙushe ya zama ɗan tudu, takobi ya tafi. Amma mahayin yana nan. Laima ta tausasa su, rungumar Hamdi ta matse su, iskar waje ta fara busar da su: amarya ta karkato ta kwantar da kai a kafaɗar mahayin, hannunsa da ya rasa takobi ya lanƙwaso ya manne a bayanta, a kan 'yar shuɗiyar rigar nan. Sun zama abu guda.

Na karanta irin wannan sau da yawa a littattafai, amma ban taɓa ganin sukari ya yi shi ba.

"Wane ne wannan ƙaton?" in ji Hajiya. "Ni amarya na ce a kawo. Najat, miƙo wuƙa."

Hannu ya fito ta bayan ƙyaure da wuƙa. Hajiya ta sa bakin wuƙar tsakanin kan amarya da kafaɗar mahayi. Ta ɗan danna. Wata siririyar tsaga ta bayyana a wuyan amaryar. Ta janye. Ta gwada ta ƙasa, tsagar ta nufi ƙirjin mahayin. Ta sake janyewa. Ta juya su hagu, ta juya su dama, tana neman inda za ta raba ba tare da ta karya ɗaya ba.

Ta shafa hancin amaryar da ɗan yatsa.

"Hancin dai yana nan," ta ce.

Ta ajiye wuƙar. Ta dubi Hamdi tun daga dusar kansa har zuwa jan danƙon da ya bushe a hannunsa, ta daɗe tana kallon hannun.

"Kai tela. Na ce ka kawo mini amarya, ka kawo ta da mijinta, an riga an gama komai a hanya. Ga 'yan rakiya, ga mai busa. Yanzu in na ce sai wani Maulidin, me zan ce wa mutanen nan da suka ƙona mai tun daga Esna?" Ta gyara mayafi. "In watan gobe ya tsaya, Alhamis ɗin farko. Ku je ku wanke jikinku, kuna zubar mini da abincin kaji a ƙofar gida."

Hamdi ya tsaya kamar bai ji ba. Daga bayan ƙyaure aka ji wata 'yar dariya da aka toshe da mayafi, sai sawun gudu zuwa cikin gida.

Kawu ya kakkaɓe jallabiya, ya murɗa ɓarin gashin bakin da ya rage masa, ya shigo tsakiyar fili.

"To, jama'a, kun dai gani. Wa ya sayi dokin? Ni. Wa ya sa su kwali ɗaya? Ni. Wa ya auna laimar da za ta haɗa su ba tare da ta narkar da hanci ba? A Kuwaiti wannan aikin sai an yi wata ana lissafi. Kuma ku sa hannu a motar nan ku ji." Yara suka ruga suka zura hannu. Gaskiya ne, Aziza tana ta huro sanyi kamar tsakiyar hunturu, ita kaɗai, ƙofofi a buɗe. "Na ce zan gyara ko ban ce ba? Ranar biki ma ni zan ɗauko amarya. Na rantse da igiyar..."

Inna Atiyat ta toshe masa baki da tafin hannu.

"Kai mai rabin gashin baki," in ji Hajiya, ta nuna shi da sanda. "Jikata ba za ta shiga wannan tanda ba. A jaki za a kai ta in ta kama. Kuma matsar mini da ita daga ƙofa."

Kawu ya shiga motar da sauran mutuncinsa, ya ja ƙofa, ya ɗaga haɓa. Ya taka birki zai sa giya.

Pam-pam, pam-pam-pam!

Mai algaita ya ɗauka, matan ƙauyen suka saki guɗa gaba ɗaya. Inna Atiyat ta kama hannuna, muka sa bakinmu a ciki, da dusarmu da komai. Wannan karon Hajiya Wahiba ba ta buga sanda ba.